Hilux Mai Cin Kuros: Yadda Aka Gyara Farfelar Wata Motar Fadama a Birnin Kebbi

Motar Toyota Hilux ce mai ƙofa huɗu, ƙirar 2012, mai injin fetur na lita 2.7 da giyar hannu, irin wadda ke ja da ƙafa huɗu idan an sa mata ogzilari. Mai ita wani Alhaji ne ɗan kasuwar shinkafa a Birnin Kebbi, cikin waɗanda harkarsu ta buɗe bayan an ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a jihar a ƙarshen 2015. Aikinta ba na cikin gari ba ne. Da rani tana kai taki da injinan ban ruwa da jarkokin fetur gonakin fadamar Gulbin Rima, daga wajen Argungu da Augie har gangarowa Bunza da Suru, ta dawo da buhunan shanshera. Da damina kuma laka ce da ruwa har gindin ƙofa.

Ƙorafin da aka kawo ta gareji da shi guda ne: tana cin kuros, wato gaɓar ƙarfe mai hannu huɗu da ke haɗa sassan farfela, sandar da ke kai juyin injin zuwa tayoyi. A shekara ɗaya an canja mata kuros na baya sau huɗu, na tsakiya sau biyu, santa boris, wanda ke tallafe tsakiyar farfela, sau ɗaya. Idan za ta tashi daga tsaye sai ta yi kakkarwa, sannan tsakanin gudun kilomita 60 da 80 wani gurnani ya taso daga ƙarƙashin kujera har madubi ya riƙa rawa. Abin da ya kai Alhaji bango shi ne ranar da kuros na baya ya tarwatse a hanyar Kalgo zuwa Bunza, farfela ta faɗo tana dukan ƙasa tana dukan salansa. Allah ya kiyaye, ba a cikin gudu ake ba. Direban ya kwance farfelar baya gaba ɗayanta, ya jefa ta bayan mota, ya sa H4, giyar ogzilari da ke haɗa ƙafafun gaba, ya lallaɓo gida da ƙafafun gaba kaɗai. Wannan Hilux ta yarda da haka, domin bakin akwatin ogzilarinta faifai ne mai noti huɗu, ko an cire farfela mai ba ya zuba.

Alhaji bai zo neman shawara ba, da maganinsa ya zo. Ya riga ya sa an aiko masa da farfelar Land Cruiser ta Beljiyam daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, yana so a yanke ta a yi mata walda daidai tsawon tasa.

"Injiniya, wagga mota ƙarhinta ya hi kuros ɗinta. A sa mata na babba mu huta."

Maigidan garejin ya ce, "Ranka shi daɗe, a ba ni ita in auna tukuna. In ta kama a sa, ni zan sa da hannuna."

Tarihin motar

Farfelar baya ta wannan ƙirar gaɓa biyu ce. Gaɓar farko tana tashi daga akwatin ogzilari ta tsaya a santa boris, wanda ke ɗaure da jikin shasi cikin zoben roba. Ta biyu tana gangarawa daga nan zuwa bakin aksil, kuma a jikinta ne ake da wurin zamewa mai haƙora, wanda ke ba farfela damar ƙara tsawo da raguwa yayin da aksil ke hawa da sauka. Kuros uku ke nan: ɗaya a bakin ogzilari, ɗaya bayan santa boris, ɗaya a bakin aksil. Farfelar gaba ba ta cikin wannan magana, don aksil ɗin gaba a jikin shasi yake ɗaure, ko an ɗaga mota kusurwarsa ba ta canjawa.

Tambayar farko da aka yi wa direba ita ce tun yaushe ta fara. Ya ce shekarun farko ba su san inda ake sayar da kuros ba. Abin ya samo asali ne bayan cire tallafin mai a 2023, lokacin da sawu biyu ya koma sawu ɗaya, kayan sawu biyun kuma suka hau mota lokaci guda. Baya ya zauna. Sai aka ƙara wa sifirin falle biyu kowane gefe, aka kuma sa maƙeri ya doddoki tsofaffin fallayen don su ƙara lanƙwasa. Daga baya aka cire tayoyin asali masu lamba 205R16 aka sa 235/85R16 saboda rairayi da kwazazzabai, da suka fara taɓa bodi kuma aka ƙera mata shakul, ƙarfen da ke rataye ƙarshen sifirin a jikin shasi, wanda ya fi nata tsawo da santimita 5. Kowane mataki da hujjarsa, kuma kowanne mutum daban ya yi shi. Jimillarsu dai bayan motar ya tashi da kusan santimita 8 idan ba kaya, ba wanda ya leƙa ya ga yadda farfela ta koma.

Direban ya faɗi wasu abubuwa biyu da bai ɗauke su a bakin komai ba. Na ɗaya, motar ta fi kakkarwa idan wayam take, in an loda mata sai ta lafa. Na biyu, ranar da ya dawo da ita ba farfelar baya, tafiya ta yi sumul. Na biyun ya wanke tayoyi da injin da giya. Na farkon kuwa ya nuna yatsa ga kusurwar da farfela ke aiki a kai, domin farfelar da ta lanƙwashe ko ta rasa daidaiton nauyi ba ruwanta da kaya, girgizarta gudu take bi.

Sa'a aka yi direban bai zubar da tsofaffin kuros ba, suna nan a bayan kujera cikin tsumma. Aka wanke su da fetur aka jera. Ko ɗaya bai karye ba. Kuros ɗin da ƙarfi ya fi ƙarfinsa yakan tsinke ne daga gindin hannu, wurin ya fito fes kamar an sare. Waɗannan cinyewa suka yi. Biyu suna da layi-layi a hannuwansu inda alluran boris suka nutse cikin ƙarfe, ƙarshen hannuwan kuma ya goge. Ɗaya ya yi shuɗi don zafi, cikinsa busasshe, sai jar ƙura ta tsatsa. Wani kuma giris ɗinsa ya koma taɓo, ruwa da yashi sun shiga. Na ranar Bunza ma ba karyewa ya fara yi ba, allurai ne suka niƙe, kofin da ke rufe hannun kuros ya fice, sannan sauran ya biyo baya. Tun a nan hujjar Alhaji ta fara rauni, don ƙaton kuros ma idan aka bar shi cikin mugunyar kusurwa ba giris, haka zai mutu, sai dai ya ɗan ƙara kwana.

Abin da awo ya nuna

Akwai wani hali na kuros da yawancin masu mota ba su sani ba, kuma shi ne ginshiƙin wannan lamari. Idan sanduna biyu da kuros ya haɗa suna kan layi ɗaya, yadda ta farko ke juyawa haka ta biyu ke juyawa. Da zarar an karya layin, ta biyu ba ta ƙara tafiya bai ɗaya: a kowane zagaye sai ta yi sauri sau biyu, ta ja baya sau biyu. Ba lalacewa ba ce, haka ƙirar take. Bature Robert Hooke na Ingila ya lura da wannan tun a ƙarni na 17, kafin Clarence Spicer na Amurka ya fara ƙera wa motoci irin wannan gaɓa a 1904. A kusurwar digiri 3 bambancin bai kai a ji ba. A digiri 8 ya kai kashi 1 cikin 100 sama da ƙasa. A digiri 15 ya haura kashi 3. Kashi 1 ba ya tsorata kowa sai an haɗa shi da gudu. An ɗaga motar an juya taya, aka ga farfela tana zagaye kusan huɗu da rabi kafin taya ta yi ɗaya. Da waɗannan tayoyi, a gudun kilomita 80 farfelar tana juyi wajen 2,400 a minti. Wato fizga da saki sau 80 ke nan a kowace daƙiƙa, a kan allurai masu kaurin tsinken ashana.

Maganin da masu ƙera mota suka yi wa wannan shi ne su sa kuros biyu su kashe wa juna. Aikinsu kamar na mata biyu ne masu lugude a turmi ɗaya, wannan na ɗaga taɓarya waccan na saukewa. Amma sai da sharaɗi biyu. Kusurwar kuros na wannan baki ta yi daidai da ta wancan, bambancinsu kada ya wuce digiri 1. Sannan kunnuwan da ke riƙe da kuros a bakunan sandar biyu su kalli gefe ɗaya.

An tsayar da motar a kan siminti mai daidai, ba kaya, tayoyinta a ƙasa, aka yi awo da manhajar auna karkata ta wayar hannu. Bakin ogzilari ya karkata ƙasa da digiri 4. Gaɓar farko digiri 5, kuros na farko ke nan yana aiki a digiri 1, ba laifi. Gaɓa ta biyu ta gangara da digiri 13, don haka kuros na tsakiya yana kan digiri 8. Hancin aksil kuwa ya ɗaga sama da digiri 10, na baya ke nan digiri 3. Takwas da uku. Dogon shakul ne ya ɗaga hancin, domin yana tura ƙarshen sifirin ƙasa ya mirgina aksil, dukan maƙeri kuma ya ƙara masa. Tunda illar kusurwa tana bin ninkin lambar ne da kanta, 64 a cire 9, abin da ya rage bai kashe ba daidai yake da a ce kuros ɗaya tal ke aiki a sama da digiri 7.

Ga wani lissafin da ya dace da ƙorafin direba. Jadawalin kamfanin Spicer mai ƙera kuros ya nuna a juyi 3,000 a minti bai kamata kusurwa ta kai digiri 6 ba, digiri 8 kuma iyakarsa wajen juyi 2,200. A wannan mota juyi 2,200 shi ne gudun kilomita 70 da 'yan kai, daidai inda gurnanin yake tsananta. Lafawar da take yi da kaya ma ta fito fili: gaɓar baya tsawonta wajen santimita 75 ne, kowace santimita 1.3 da mota ta zauna tana rage digiri 1.

Sharaɗi na biyu ma an karya shi. A wani gyaran baya an zare wurin zamewa ba a yi alama ba, aka mayar da shi da kuskuren 'yan haƙora, kunnuwan gaba suna kallon wani wuri, na baya wani wuri. Wannan kuskure ne da ba ya cin ko kwabo a guje masa, ɗigon fenti ko karcen ƙusa kafin a zare ya isa. Alamar tana da muhimmanci ko don wasu motocin da gangan masana'anta ke karkata kunnuwan, wanda ya ce zai daidaita da ido sai ya ɓata.

Sauran abin da aka gani na fadama ne. Bututun gaɓar baya yana da lotsawa, da alama kututture ko dutse ya daka, tun kafin faɗuwar Bunza ta ƙara masa. Da aka ɗora shi aka juya da agogon awo, karkacewarsa ta haura milimita 2, alhali iyakar da Toyota ta sa ita ce 0.8. Ɗan ƙarfen daidaita nauyi da ake mannawa a jikin bututu ya fice, sai gurbinsa. Kunne ɗaya ya buɗe saboda dukan guduma, kofi yana juyawa a cikinsa da yatsa. Robar santa boris ta tsage. Biyu cikin notunan faifan aksil ba nasa ba ne, na kasuwa ne masu zare har gindi, waɗanda ba sa cika rami.

Abin da aka ƙi yi, da dalili

Farfelar Land Cruiser ba abar rainawa ba ce, kofin kuros ɗinta milimita 32 ne, na Hilux 29. Sai dai ramukan faifanta ba su dace da na Hilux ba, sai an huda ko an ƙera wani faifai a tsakani, kowanne kuma hanya ce ta shigar da sabuwar karkacewa. Abin da ya fi wannan shi ne inda ƙarfin zai koma. Injin 2.7 yana ba da ƙarfin murɗa wajen 240 a ma'aunin Nm. Giya ta ɗaya da L4, giyar ƙarfi ta ogzilari, suna ninka shi kusan sau goma. Kuros ɗin asali an yi shi ne don ya ɗauki wannan. Abin da ke karya ƙarfe shi ne bugu: taya tana wulwulawa a laka, direba ya danne totur, sai ta cafki busasshiyar ƙasa farat ɗaya. A wannan lokaci wani abu ne zai ba da kai. In kuros ne, kuɗinsa kaɗan ne kuma ana canja shi a gindin bishiya. In an sa wanda ya fi ƙarfin sauran, bugun zai wuce zuwa haƙoran aksil, alhali babban faifan haƙoran Hilux inci 8 ne, na Land Cruiser 9.5. Aksil ɗin da ya zube a tsakiyar fadamar Suru kuwa sai an nemo tarakta.

A ganina nan ne mutanenmu ke ruɗuwa da abin da suke gani a intanet. Masu hawan duwatsu da mota a Amurka da Ostireliya suna tashi daga kuros mai lamba 1310 zuwa 1350, gaskiya ne. Amma su sun sa tayoyin inci 35 ko fiye, sun kulle aksil, sun ƙara wa injin ƙarfi, kuma sun ƙarfafa aksil ɗin tukuna. Tayar da ke kan motar Alhaji ta fi ta asali da kusan kashi 10 cikin 100 ne kawai. Ta ƙara wa farfela aiki, amma ba ta kai ta inda kuros zai gaza ba.

An kuma kawo shawarar a cire santa boris a sa farfela guda mai tsawo. Tana rage kusurwa, ba musu. Amma doguwar sanda tana da gudun da idan ta kai sai ta fara lilo da kanta, kuma wannan gudun yana faɗuwa da sauri yayin da tsawo ke ƙaruwa; ninka tsawo, ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙara kaurin bangon bututu ba ya magance shi, sai faɗin bututun. Ga shi cikinta zai sauko daidai tsakiyar mota, inda kunyoyin gona ke dukanta. Gaɓa mai kuros biyu a haɗe, wadda ke kashe girgizarta da kanta, ita ma an ambace ta. Tana da kyau ga motar da aka ɗaga sosai, sai dai tana son a mirgina aksil har hancinsa ya kalli farfela, tana kuma da ɗan ƙwallo a tsakiya da ba ya shiri da ruwa da yashi. Ɗagawar santimita 5 ko 6 da za ta rage in an cire dogon shakul ba ta kai a ɗauko wannan ɗawainiya ba.

Alhaji bai gamsu nan take ba. Abin da ya sauko da shi, maigidan ya ɗora masa tsofaffin kuros a hannu ya ce ya nuna wanda ya karye.

Aikin da aka yi

Da sifirin aka fara, ba da farfela ba. An cire dogon shakul aka mayar da mai tsawon asali, aka bar fallayen da aka ƙara saboda kaya. Mota ta sauko da wajen santimita 2.5, hancin aksil ya dawo digiri 8. Tayar da ke taɓawa, leɓen bodi aka ɗan naɗe mata. Sannan aka sa sabon santa boris, aka saukar da shi santimita 1.5 da faranti na ƙarfe da dogayen notuna masu ƙarfi. Wannan ya raba kusurwar: kuros na farko ya ɗauki ɗan ƙari, na tsakiya ya samu sauƙi. A ƙarshe aka sa 'yar tsinin ƙarfe ta digiri 2 tsakanin sifirin da mazaunin aksil don a sunkuyar da hancin. Ta ƙarfe aka yi, ba ta alminiyam ba, don ta alminiyam tana murƙushewa a ƙarƙashin kaya, yubol, ƙarfen da ke ɗaure sifirin da aksil, ya saki. An ɗaure ta cikin santa bol, notin da ke tsakiyar fallayen sifirin, mai dogon kai, aka sa sababbin yubol. Da aka sake awo, kuros na farko digiri 2 da ɗoriya, na tsakiya wajen 4, na baya 4. Amfanin daidaita su shi ne idan an loda kaya, biyun tare suke raguwa. An gwada da rabin lodi da cikakke, don a tabbata kusurwar ba ta koma sifiri ba, tunda kuros ɗin da ba ya motsi ko kaɗan alluransa wuri ɗaya suke tsayawa su haƙa rami.

Inda aka yi ƙarin ƙarfi na gaske shi ne bututun gaɓar baya, domin shi fadama ke duka. An samo kunnuwa masu lafiya daga wata farfelar Hilux ta Beljiyam, aka kai wa mai injin sassaƙar ƙarfe. Ya yanke tsohon bututu mai siririn bango, ya sa marar ɗinki mai faɗi ɗaya da shi amma bangonsa milimita 3, ya sassaƙe wuyan kunnuwan har suka shiga da matsi. Bututun ruwa ba ya wannan aiki, ɗinki gare shi kuma kaurinsa ba ɗaya ba ne a zagaye. Ya jera kunnuwan a layi, ya ɗiga walda wuri huɗu, ya auna, ya gyara, sannan ya zagaye a hankali don kada zafi ya ja ƙarfen gefe guda. Karkacewar ta tsaya a rabin milimita. An ƙara tsawon da santimita 1, bayan an ɗaga shasi an bar aksil ya rataya don a ga haƙora nawa suka rage a riƙe, an kuma danne ta da lodi don a tabbata wurin zamewa bai kai ƙarshe ya tokari santa boris ba.

Kuros ukun duka sababbi aka sa, 'yan Japan na gaske masu bakin ɗura giris. Kasuwa cike take da jabu a cikin kwali mai kyau, kuma wanda aka tarar a motar zarto yana kama hannunsa cikin sauƙi, alamar ba a ƙona ƙarfen ya yi tauri ba. Akwai kuros marar rami, wanda ya ɗan fi ƙarfi kuma ba a ɗura masa komai. Ga motar kwalta shi zan zaɓa. Ga motar da ke nutsa cikinta a ruwa, gara wanda za a iya tura sabon giris ya koro taɓon waje. Da matsi aka shigar da kofunan, ba guduma. An lura kada allura ta kwanta a gindin kofi, wanda shi ne ke sa kilif, zoben da ke riƙe kofin, ya ƙi zama, yaro ya kama duka. Kilif ɗin ma kauri-kauri ne, aka zaɓi waɗanda suka hana wasa ba tare da sun ɗaure kuros ba, kauri ɗaya a kowane gefe biyu masu fuskantar juna don ya zauna a tsakiya. Notunan faifai aka sa na asali masu santsin wuya.

Daidaita nauyi ne ya fi cin lokaci, tunda ba a kan injin daidaita nauyi aka yi ba. Tsohuwar dabara aka bi ta ɗaura zoben matse tiyo a jikin bututu, kan sukurinsa ya zama nauyi. A raba zagayen gida huɗu da alli, a gwada mota a kowane gida, a riƙe inda ta fi lafawa, sannan a ƙara zobe na biyu a riƙa buɗa su har girgiza ta kwanta. Da aka samu wurin, aka manna ɗan ƙarfe mai nauyinsu. A kan titi aka yi gwajin. Masu ɗaga mota a kan jak su sa giya su shiga ƙarƙashi suna wasa da rai ne. An kuma ƙera wani zobe na ƙarfe da ya kewaye gaɓar baya daga sama kusa da kuros na tsakiya, saboda in na baya ya fice farfela ja take a ƙasa, in na gaba ne kuwa cakewa take ta ɗaga mota.

Bayan gyara

Kakkarwar tashi ta tafi gaba ɗaya. Gurnanin ma ya tafi, sai wani ɗan amo da mai kunne zai ji idan an wuce kilomita 100, wanda nake ɗora wa daidaita nauyin hannu. Motar ta gama kakar rani ta shiga damina ta fita da kuros ɗin da aka sa mata, da aka duba kuma ba wasa, ba jar ƙura.

Rabin wannan sakamako na giris ne. Littafin Toyota ya ce a ɗura wa farfela cikin awa 24 bayan ta nutse a ruwa, ba a jira lokacin juyen mai ba. Aka saya wa direba bindigar giris tasa ta zauna a mota. Aka nuna masa ya ɗura wa kuros har sabo ya ɓullo ta bakin kofuna huɗu, in ɗaya ya ƙi to hanyarsa ta toshe. Wurin zamewa kuwa kaɗan ake sa masa, in aka cika shi ya zama tamkar sanda guda, ya riƙa tura santa boris. Aka roƙe shi ya daina shigar da ita gulbi wanki, ya kuma fitar da ita daga H4 da ya hau kwalta, don wannan ƙirar ba ta da abin da ke raba gudu tsakanin gaba da baya, farfelolin biyu murɗe juna suke a busasshen titi. Na giris ya riƙe. Na wankin gulbi, yaran gareji sun ce har yanzu sukan hango ta a bakin ruwa.

Lodi dai bai ragu ba, kuma fallayen da maƙeri ya doka sun fara komawa yadda suke. Awon baya-bayan nan ya nuna bayan motar ya zauna da kusan santimita 1, kusurwowin biyu sun ragu tare, ba su rabu ba. Idan Alhaji ya sayi sabon sifirin mai ɗaukar nauyi, kamar yadda ya ce zai yi bayan girbi, sai an sake awon daga farko, wataƙila a cire tsinin ko a rage farantin santa boris. Robar gaɓar ƙafar gaba ta hagu ma ta fara tsagewa, ita ce aiki na gaba. Farfelar Land Cruiser kuwa wani mai motar ɗaukar kifi daga Yauri ya saye ta.